Shirun Yaro a Cikin Littafin Shaihu Umar: Haƙuri Ne ko Tabon Firgici?

1.0 Gabatarwa

Littafin Shaihu Umar na Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin ƙagaggun labaran Hausa na farko, waɗanda suka fito a sakamakon gasar da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933. An buga shi a 1934, Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo a 1975, sa'an nan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. A tsawon wannan lokaci an fi nazarin littafin ta fuska biyu, watau fuskar bauta da fataucin hamada, da kuma fuskar ilmi da tawakkali.

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu dubi wani abu na uku, watau muryar da Umar yake ba da labarin yarantarsa da ita. Duk wanda ya karanta littafin zai lura da cewa yaron ya ga masifu iri iri tun bai mallaki hankalinsa ba, amma da ya zo ba da labari sai ya jero su cikin natsuwa, kamar wanda ke faɗin zangunan tafiya. An saba fassara wannan natsuwa da haƙuri. Mu kuwa muna ganin littafin ya ajiye mana abu biyu a mazubi ɗaya: haƙurin dattijo, da shirun yaron da firgici ya daskarar. Rarrabe su shi ne aikin da ke gabanmu.

Dalilin tayar da maganar a yanzu ba boyayye ba ne. Cikin watannin ƙarshe na 2025 'yan bindiga masu ƙetarowa daga wajen Jihar Katsina sun yi ta kai hari a ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a Jihar Kano, har kafofin labarai suka ba da rahoton sace mata masu goyo a yankin Faruruwa cikin watan Nuwamba. Ke nan raba ɗa da uwarsa da ƙarfin makami, wanda muka daɗe muna karantawa a matsayin tarihi, ya auku a ƙasar noma mai cike da jama'a a yammacin Kano. Yadda muke karanta shirun Umar yana da nasaba da yadda za mu karanta shirun yaran waɗannan ƙauyuka.

2.0 Abin da Masana Suka Gano

Kafin mu shiga littafin ya kamata mu daidaita kan kalmomi biyu. Abin da muke nufi da tabon firgici shi ne alamar da mummunan al'amari ke bari a zuciya da jiki bayan al'amarin ya wuce. Abin da muke nufi da ɓallewar hayyaci kuwa shi ne halin da mutum ke shiga inda abubuwan da suka saba tafiya tare, watau sani da ji da tuni da sanin kai, za su rabu da juna. Mai wannan hali yakan ce yana kallon kansa daga gefe kamar wani ne dabam, ko ya ce duniya ta zame masa kamar mafarki. Ya san abin da ya same shi, amma zafin abin ba ya isowa gare shi. Likitan Faransa Pierre Janet shi ne ya fara tsara bayanin wannan hali a littafin da ya buga a 1889, inda ya danganta shi da abubuwan da suka fi ƙarfin zuciya ta haɗiye.

Na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa sun ƙara haske a kan maganar. Akwai wani ɗan ƙullutu a can cikin ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala, wanda aikinsa kamar na ɗan gadi ne, shi ke buga kuge idan ya hango haɗari. Akwai kuma sashen goshin ƙwaƙwalwa, wanda ke auna al'amari ya kwantar da ɗan gadin idan babu dalilin tsoro. Ruth Lanius da abokan aikinta a Kanada sun riƙa karanta wa masu tabon firgici labarin abin da ya same su alhali suna cikin na'ura. Kimanin kashi 70 cikin 100 sai abin ya dawo musu sabo, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, ga shi kuma sashen goshi ya yi rauni wajen tsawatarwa. Sauran kimanin kashi 30 kuwa akasin haka aka gani: bugun zuciya bai ƙaru ba, sashen goshi ya danne ɗan gadin fiye da kima, su kuma suka ce sun ji kamar ba su a wurin. A 2010 suka bayyana cewa wannan wani nau'i ne na musamman na ciwon, a 2013 kuma ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da shi cikin kundinta na cututtuka. A wannan shekara ta 2013 wani bincike da ya haɗa ƙasashe 16 ya sami wannan nau'i ga kimanin kashi 14 cikin 100 na masu ciwon, ya kuma sami alaƙarsa da wahalar yaranta.

Dalilin wannan alaƙa a fili yake. Babba idan haɗari ya taso yana iya faɗa, yana iya gudu. Ƙaramin yaro ba shi da ko ɗaya, mafakarsa guda ce, watau jikin uwarsa ko na mai renonsa. Idan wannan mafaka ta ɓace, abin da ya rage masa shi ne ya gudu ta ciki. Karlen Lyons-Ruth da abokan aikinta a Amurka sun bi wasu yara tun suna jarirai har suka kai shekara 19, suka tarar da cewa rashin samun amsa daga uwa a lokacin jarirantaka yana cikin manyan abubuwan da ke nuna wanda zai yi fama da ɓallewar hayyaci daga baya.

Sai dai wajibi ne mu ja hankali a nan. Waɗannan sakamako na jimlar mutane ne, ba su yanke hukunci a kan mutum guda, kuma yawancinsu a Turai da Amurka aka same su. Daɗin daɗawa, Umar tauraron labari ne, ba majinyaci ba. Abin da ilmin zai yi mana kawai shi ne ya wasa mana ido.

3.0 Yarantar Umar

Labarin ya buɗe ne da Shaihu Umar yana babban malami a Rauta ta ƙasar Bauci, almajiransa suka tambaye shi asalinsa. Ga abin da ya ba su a taƙaice. An haife shi a Kagara, mahaifinsa ya rasu tun yana ciki. Uwarsa ta auri Makau, wani bafaden sarki, wanda fadawa 'yan'uwansa suka ƙulla wa sharri a kan bayin da aka kamo wajen hari, har aka kore shi daga gari. Uwar ta tafi Fatika ganin danginta kafin ta bi mijinta, ta bar yaron a hannun amana. A wannan tsakani ɓarawo ya sace shi, kura ta kashe ɓarawon, aka bar yaron shi kaɗai a daji. Mutanen wani ƙauye suka tsince shi suka riƙe, mahara suka faɗa wa ƙauyen, aka kai shi Kano gidan Gumuzu, daga nan Balarabe Abdulkarim ya karɓe shi ya ƙetare hamada da shi zuwa Ber Kufa.

Idan muka ƙidaya za mu ga yaron ya ratsa aƙalla hannu shida kafin ya sami wurin zama tabbatacce. Sau biyu kuma, watau a daji da a ƙauyen da aka kai wa hari, tashin hankali ne ya raba shi da hannun da yake ciki. Wannan shi ne ainihin irin yarantar da binciken da muka ambata ke magana a kai: haɗari mai maimaituwa, tare da ɓacewar mafaka.

4.0 Alamun Shiru a Salon Littafin

Alama ta farko tana cikin rabon aiki. Idan muka kwatanta Umar da taurarin littattafan da suka fito tare da shi, bambancin a bayyane yake. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja da Ganɗoki na Bello Kagara masu aikatawa ne, su ke ƙulla dabara, su ke kai sara. Umar kuwa, a duk tsawon yarantarsa da samartakarsa, shi ake aikata wa. An sace shi, an tsince shi, an kama shi, an ba da shi, an tafi da shi, an koyar da shi, an naɗa shi. Ko ɗaukakar da ya samu a Ber Kufa, inda ya gaji malaminsa Shaihu Mas'ud, zuwa ta yi ta same shi.

Alama ta biyu tana cikin rabon fili. Umar ne mai ba da labari, amma wani babban kaso na littafin ya tafi ne ga abubuwan da bai gani da idonsa ba, watau makircin fada da korar Makau, da kuma doguwar tafiyar uwarsa. Nasa al'amuran kuwa, waɗanda suka fi kowanne ban tsoro, a gurguje ake wuce su. Da wuya mu same shi ya tsaya ya gaya wa almajiransa abin da daren daji ya yi wa zuciyarsa, ko yadda ya ji da aka raba shi da matar da ta tsince shi.

Alama ta uku, wadda muke ganin ta fi sauran ƙarfi, ita ce inda aka ajiye ciwon. Littafin ba ya rasa baƙin ciki, sai dai an ɗora shi kacokan a kan uwa. Ita ce ta kasa zama, ita ce ta bi sawu har Kano, ita ce aka yaudara aka sayar a hayin hamada, ita ce ta rame ta lalace saboda bege. Rabuwa guda ce ta sami mutum biyu, amma ɗaya ya ɗauki sanin labarin, ɗaya ta ɗauki zafinsa. A ganinmu wannan tsari hoto ne na abin da Janet ya bayyana, watau sani a gefe, ji a gefe, sai dai marubucin ya raba su tsakanin jiki biyu.

Alama ta huɗu ita ce mafarki. Bayan shekaru masu yawa, Umar ya zama malami abin girmamawa, sai mafarki ya tayar masa da begen uwarsa har ya kasa sukuni. Abin lura a nan shi ne, neman uwarsa shi ne babban ƙuduri na farko da ya fito daga zuciyarsa shi kansa. Abin da farke ya danne, barci ya buɗe masa ƙofa. Likitoci sun daɗe da sanin cewa mafarki yana cikin hanyoyin da tsohon firgici ke dawowa, kuma yana iya dawowa bayan dogon lokaci na lafiya a zahiri. Sa'an nan da ya sadu da uwar, tana gab da ajali, bai daɗe tare da ita ba ta rasu. Bayan haka guguwar rairayi ta halaka ayarinsu, ya tsira shi kaɗai, kamar yadda aka bar shi shi kaɗai a daji yana yaro. Littafin ya maimaita masa raunin farko, muryar kuwa ba ta sauya ba.

5.0 Hujjojin da Za a Iya Kawo Mana

Akwai hujjoji uku masu nauyi da za a iya kafawa a kan wannan karatu namu. Ta farko ita ce matsayin mai magana. Shaihu ne a gaban almajiransa, kunya da dattako ba za su bar shi ya zauna yana fallasa zuciyarsa ba. A. H. M. Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa haƙuri da kunya cikin ginshiƙan wannan hali. Mun yarda da wannan hujja, amma iyakar abin da take bayyanawa shi ne dalilin da ya sa dattijo ya kame bakinsa. Ba ta bayyana dalilin da ya sa yaron cikin labarin ya kasance ba shi da ƙuduri ba, ko dalilin da ya sa sai ta mafarki bege ya sami hanya.

Ta biyu ita ce zamanin rubutun. Ana iya cewa zuben Hausa na 1934 daga tatsuniya da labarin baka ya taso, waɗanda aukuwa suka fi damuwa da ita, ba abin da ke cikin rai ba. Amsarmu ita ce, alƙalamin da ya rubuta Umar shi ne ya rubuta uwarsa da Makau, kuma ya iya nuna damuwarsu sarai. Ashe shirun ba na littafin duka ba ne, na mutum guda ne a cikinsa.

Ta uku ita ce, Abubakar Tafawa Ɓalewa matashin malamin makaranta ne a lokacin, an haife shi a 1912, ba shi da alaƙa da binciken ƙwaƙwalwa. Gaskiya ne, ba mu kuma ce ya yi nufin rubuta littafin likita ba. Amma ya rayu cikin mutanen da suka san abin. Sai a 1936 aka soke bauta baki ɗaya a dokar Nijeriya ta Arewa, watau bayan fitowar littafin da shekara biyu, don haka a Baucin zamaninsa akwai dattawan da aka kamo suna yara. Irin wannan yaro ma ya riga ya shiga rubutun Hausa tun kafin nan, domin Dorugu, wanda aka kama yana yaro a ƙasar Damagaram, ya ba J. F. Schön labarin rayuwarsa, aka buga a cikin Magana Hausa a 1885. Marubuci mai kunne yana iya kama muryar da irin waɗannan mutane ke magana da ita ba tare da ya san sunan da likita zai ba ta ba.

6.0 Abdulkarim: Ƙarfin Littafin da Rauninsa

Wani abin da littafin ya dace da shi shi ne bayanin yadda Umar ya tsira da hankalinsa. A Ber Kufa ya sami abubuwa uku da ya rasa: mutum guda tabbatacce da ya ɗauke shi ɗa, da tsarin yini na makarantar allo wanda ba ya sauyawa, da jama'ar da ta ba shi matsayi. Bincike ya goyi bayan wannan. A aikin da aka fara a Bukares ta Romaniya a 2000, an ɗauki yara 136 na gidajen marayu, aka mai da rabinsu hannun iyayen riƙo. Waɗanda aka mayar kafin su cika shekara biyu, da suka kai shekara takwas, an tarar motsin lantarkin ƙwaƙwalwarsu ya yi daidai da na yaran da suka tashi a gidajensu. Ke nan tabo ba hukuncin ƙarshe ba ne, hannu nagari yana gyara da yawa.

Amma a nan ne kuma raunin littafin yake. Abdulkarim ya karɓi yaro ne daga hannun waɗanda suka kamo shi, ya nisanta shi da ƙasarsa, kuma wannan tafiya ita ce ta ja uwar zuwa ga halaka. Duk da haka ba mu ji Umar ya haɗa waɗannan abubuwa biyu a zuciyarsa ba. Jennifer Freyd ta yi bayani a 1996 cewa yaron da rayuwarsa ta dogara ga wanda ke da hannu cikin cutarsa yakan kau da kai daga sanin cutar, domin sanin zai raba shi da abincinsa da mafakarsa. Wannan uzuri ne ga Umar yaro. Ba uzuri ba ne ga littafin, wanda ya raba bauta gida biyu, mai kyau ga ɗa da mummuna ga uwa, alhali kuwa kasuwa ɗaya ce ta sayar da su.

7.0 Haƙuri da Ɓallewa

Labarin Umar ya yi kama da ƙissar Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi: yaro da aka raba da mahaifi, aka kai Masar, ya ɗaukaka a can, ga mafarki, ga saduwa a ƙarshe. A cikin wannan ƙissa Annabi Yakubu shi ne abin misali wajen kyakkyawan haƙuri, amma kuma shi ne wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki. Wannan ya isa ya nuna mana cewa a al'adar da littafin ya fito daga cikinta, mai haƙuri yana jin zafi sarai, ya san yana ji, ya kuma zaɓi ya daure ya kai kukansa ga Ubangiji. Wanda hayyacinsa ya ɓalle kuwa bai zaɓi kome ba, ƙwaƙwalwa ce ta rufe ƙofa tun bai san ana zaɓi ba. A fuska suna iya kama, shi ya sa karin maganar nan da ke cewa labarin zuciya a tambayi fuska ba kullum take cika ba.

Amfanin wannan bambanci ga ƙauyukan Shanono shi ne wannan. Bayan hari, yaron da ke kuka da firgita cikin dare kowa ya san yana bukatar taimako. Wanda ya yi tsit, ya daina wasa, yana zura wa bango ido, ana kira ba ya amsawa sai an taɓa shi, shi ne ake yaba wa da haƙuri, ko kuwa a ce iska ce ta shafe shi. Malamin firamare da malamin allo su ne suka fi kowa damar lura da irinsa, domin su ke ganinsa kullum cikin tsaransa. Abin da ya kamata a fara nema masa shi ne abin da Umar ya samu: babba guda da ba zai ɓace ba, da komawa karatu, da barinsa ya yi magana a lokacin da ya ga dama ba tare da matsi ba. Idan abin ya daɗe, sai a haɗa addu'a da ganin likita, ko a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, musamman da yake akwai wani nau'in farfaɗiya na yara mai ɗauke hankali na ɗan lokaci ba tare da faɗuwa ba, wanda sai gwaji ke rarrabe shi da ɓallewar hayyaci.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun yi ƙoƙarin nuna cewa natsuwar muryar Shaihu Umar tana da tushe biyu. Mun kawo alamu huɗu daga salon littafin, watau rashin ƙudurin tauraro, da gajarta nasa labarin, da ɗora ciwo a kan uwa, da dawowar bege ta mafarki, muka kuma auna su da abin da masana ƙwaƙwalwa suka gano. Mun yaba wa marubucin kan yadda ya kama muryar yaron da aka raba da uwarsa da kuma hanyar tsirarsa, mun kuma kushe yadda ya sassauta wa Abdulkarim. Shawararmu ga masu koyar da littafin ita ce, idan sun gama bayanin haƙurin Shaihu, su ƙara wa ɗalibai tambaya guda: me yaron ya ji a daren da aka bar shi a daji, kuma me ya sa bai faɗa ba? Ɗalibin da ya iya yi wa littafi wannan tambaya zai iya yin ta game da ƙanensa.